Gilashin gaban tsohon jirgin ruwa: abin da na yi rana-rana

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau na juyo kan gilashin gaba, aikin da na yi wata huɗu ina kauce masa. Jikin jirgin ya gama shan faci da fenti, injin baya yana tashi bugu ɗaya, sitiyari na juyawa lafiya. Saura wannan. Jirgin na faiba ne, wato roba mai zaren gilashi a ciki, mita huɗu da rabi, ƙirar ƙarshen shekarun 1950, lokacin da masu ƙera ƙananan jiragen gudu a Amurka suke kwaikwayon motocin zamanin, gilashin gaba ya lanƙwaso har gefe, baya kuma da 'yan fikafikai. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa, babu inda zan je in ce a ba ni sabo.

Suna kawai muke ce masa gilashi, robar akirilik ce mai kaurin milimita 5. Ta yi ruwan shayi, ta dushe har ba a gane fuskar mutum ta cikinta, ga tsaga guda bakwai. Na lura duka bakwai ɗin daga ramukan sukurori suka taso, kowace ta nufi sama kamar jijiyar ganye. Na ɗauki hoto, na ce tsufa ne, na wuce.

Firam ɗin alminiyum ne, kashi uku: na ƙasa da ke kwance a kan doron jirgi, na sama, da 'yan sandunan gefe. Sukurori 22. Goma sha huɗu sun fita da lallashi. Takwas sun ƙi, farin garin nan da ke fitowa idan baƙin ƙarfe ya daɗe a jikin alminiyum ya cinye su. Na zuba musu man sassauta tsatsa na bar su su kwana.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Biyar sun fita. Uku sai da na huda kansu da dirila. Wajen ɗaga tsohuwar robar ta rabe biyu a hannuna. Na haɗa ta da salatif na jingine.

Laraba, 8 ga Oktoba

Daren jiya da na yau karatu na yi a kan wace roba zan saya, don zaɓi biyu ne kuma kowanne da magoya bayansa.

Akirilik ita ce wadda kamfanin Otto Röhm na Jamus ya fitar da sunan Plexiglas a 1933, Ingila kuma kamfanin ICI ya kira tasa Perspex. Da ita aka riƙa rufe mazaunin matuƙa jiragen sama a yaƙin duniya na biyu, bayan yaƙi ta gangaro wajen masu jiragen ruwa. Tana wuce da kusan kashi 92 cikin ɗari na haske, ta ɗan fi gilashin taga ma, nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, rana ba ta saurin canza mata launi, kuma idan ta karce ana iya goge ta ta dawo. Aibinta tsagewa.

Folikabonet ƙanwarta ce, a 1953 Hermann Schnell na kamfanin Bayer da Daniel Fox na General Electric suka gano ta, kowa a wajensa. Ita da guduma ma da wuya ka fasa ta. Amma tana karcewa da abu kaɗan, gogewa ba ta gyara ta, kuma tana shan danshi, idan ba ka busar da ita sa'o'i da yawa ba kafin ka gasa, sai ta fito da ƙuraje. Tana lanƙwasuwa a sanyi fiye da akirilik, wannan ne ya ɗan ja hankalina, don da sai in huta da gashi gaba ɗaya. Sai dai kusurwoyin gilashina sun matse, lanƙwasar kamar da'irar da daga tsakiyarta zuwa baki santimita 30 ne. Ko folikabonet mai kauri 5 tana son rabin mita ko fiye. Akirilik kuwa, ƙa'idar da masu yin ta a Turai suke bayarwa ita ce kaurinta sau 330, wato mita 1.65. Babu zancen sanyi ke nan.

Na tsaya a kan akirilik, kuma irin wadda ake zubawa tsakanin faifan gilashi biyu, mai tsada. Akwai ta araha wadda inji ke turowa kamar taliyar roba, ita tana narkewa a bakin zarto kuma ba ta da haƙurin zafi. Araha ba ta ado.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ranar samfuri. Na fara da abin da kowa zai fara da shi, na shimfiɗa kwali a jikin tsohuwar robar na zana. Na yanka, na kai kan jirgi, na sa a firam ɗin ƙasa. Bai zauna ba. Dama ya shige, hagu ya bar gibin da yatsana biyu ke shiga.

Na zargi almakashi, na sake yankawa. Haka dai. Sai da na ɗora tsohuwar a kan tebur na kalle ta daga gefe sannan na ga ta murɗe kamar busasshen ganye. Shekara sittin da wani abu tana shan rana, ta tashi daga siffar da aka haife ta da ita. In na kwaikwaye ta, murɗiyarta zan kwafa.

Na ajiye ta gefe na koma wa jirgin kansa. Na mayar da firam ɗin ƙasa na ɗaure, na kafa na sama a kan sandunan gefe, na tokare tsakiya da katako daidai tsayin santimita 38. Na yanka kwali falle-falle, faɗin tafin hannu, ina zura kowanne a ramin firam na ƙasa da na sama ina manna shi da na kusa da shi da gam mai zafi. Falle 19. Da na ciro na shimfiɗa a ƙasa sai ya kwanta lif, siffar jinjirin wata, tsawon santimita 198. Kwanciyar nan ta faranta min rai, don tana nufin lanƙwasar ta fuska ɗaya ce, kamar a naɗe takarda a yi mazurari. Da ta fuska biyu ce kamar bayan ƙwarya, sai an ja robar ta miƙe, wannan kuma ya fi ƙarfin kayan aikina.

Wani abu da na gano: jirgin kansa ba daidai yake ba. Daga tsakiya zuwa ƙarshen hagu ya fi na dama da milimita 12. Na auna sau huɗu. Haka aka ƙera shi, ko haka ya zama. Gilashin zai bi jirgin.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na mayar da samfurin kan siririn filawud mai kauri 3, na gwada a firam. Ya zauna. Na rubuta HAGU da DAMA da manyan baƙaƙe a fuska biyu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na fara haɗa abin da za a kwantar da roba mai zafi a kai. Ƙanena ya sa masa suna doro, sunan ya bi shi. Haƙarƙari takwas na filawud mai kauri 18, na zano biyu daga firam ɗin sama da na ƙasa, sauran na raba tsakani. A kai na lulluɓa siririn filawud falle biyu, gam a tsakani, ƙananan ƙusoshi da na nutsar da kansu na cike gurbinsu. Na bar rarar santimita 8 ko'ina.

Sanfefa ta ci yini. Duk wani tudu ko kwari a jikin doro zai fito a gilashi, kuma ido ba ya ganinsa a katako. Tafin hannu ke gani. Na rufe ido ina shafawa, inda na ji tuntuɓe in sa alamar fensir.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Sanfefa. Na ja yadin filanel a kai, na ɗame ta baya da ƙusoshin sitefula. Ba ɗinki, ba ninki.

Asabar, 25 ga Oktoba

Tanda. Babu obin ɗin girki da zai ɗauki abu mai mita biyu, kuma ko da akwai ba zan sa ba, tururin robar nan yana kamawa da wuta, bai kamata ya haɗu da harshen gas ba. Na haɗa akwati da kwanon rufi, tsawo 220, faɗi 80, tsayi 50, bango biyu, na cusa audugar dutse mai hana zafi fita a tsakani. Na ciro ƙarafan zafi biyu daga matattun obin na lantarki, kowanne wat 2000, na sa su a ƙasa, mai aikin lantarki ya zo ya haɗa min wayoyin don wannan ba fannina ba ne. Ma'aunin zafi ɗaya a tsakiya. Faifan da robar za ta kwanta a kai na rufe shi da filanel shi ma.

Na kunna babu komai ciki. Minti 35 ya kai digiri 165. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Faifan akirilik ya iso, santimita 122 da 244. Idan na jera jinjirin watan biyu, ɗaya a cikin cikin ɗaya, gilashi biyu za su fita. Ina da damar kuskure ɗaya.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na cinye damar.

Yankan ya tafi lafiya, zarton inji mai ƙananan haƙora, a hankali, takardar kariya tana jiki. Na bar rarar santimita 5 kowane gefe saboda irin wannan robar tana tsukewa kusan kashi 2 cikin ɗari a gashin farko, a tsawon 198 kusan santimita 4 ke nan. Na ɓare takardar, na wanke da ruwan sabulu, na busar, muka zura.

Ma'auni yana 165. Bayan minti 15 na buɗe na ɗaga kusurwar dama da safar hannu, tana nan ƙiƙam kamar faranti. Na rufe na ƙara biyar. Har yanzu da saura. Na ƙara wuta. A minti na 27 ƙanena ya ce, "Yaya, ka ji wari kuwa?" Wani wari mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Na buɗe. Gefen hagu, daidai saman ƙarfen zafi, ya cika da ƙananan ƙuraje a cikin naman robar, ɗaruruwa, kamar ruwan da ke shirin tafasa. Dama kuma sai a lokacin ta fara laushi.

Mun ɗauko duk da haka muka kwantar a kan doro, don ko ba komai mu koyi ɗaukar. Nan ma darasi ne. Robar da ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata take, tana zobewa a tsakiya, kuma daga fitowa tanda zuwa lokacin da za ta fara ƙin ji bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Mun ɓata rabin wannan wajen juyawa don mun ajiye doron ta inda bai kamata ba. Inda ta fi zafi kuma saƙar filanel ta fito a jikinta ɓaro-ɓaro.

Da yamma na zura ma'aunin a wurare dabam-dabam na tandar. Tsakiya 165, saman ƙarfen hagu ya haura 200, kusurwar dama wajen ƙofa 135. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, abin da ke gabansa ya faɗa.

Asarar yau: rabin faifai, yadin filanel ɗaya, yini guda na mutum biyu.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na kai guntun da ya lalace wajen wani dattijo da ya shekara da shekaru yana yin allunan talla masu haske, aikinsa ke nan gasa akirilik. Ya juya shi a hannu, ya kai hanci.

"Iska ba ta yawo a tandarka."

"Haka ne, Baba."

"Sa fanka. Sa faranti tsakanin wuta da roba, kada su ga juna. Kuma kada ka ƙara wuta don kana sauri, lokaci za ka ƙara."

Na tambaye shi batun gefe, yadda zan sa bakin ya yi sheƙi bayan yanka. Ya ce in bi da magagari da sanfefa, in bar shi haka tunda cikin firam zai shige. Na ce na ga ana bin sa da harshen wuta, nan take ya yi kamar ƙanƙara. Ya ce, "Ana yi. A kan abin da za a rataye a bango." Ya kuma ce ramukan sukurori in yi su da faɗi, "robar nan numfashi take yi, yaro." Na ce to. Na rubuta fanka da faranti a takarda, sauran ban rubuta ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gyaran tanda. Farantin ƙarfe a saman ƙarafan zafi da tazarar santimita 6, fankar tsohon obin a bango ɗaya, injinta a waje. Na toshe bakin ƙofa da igiyar da ba ta ci da wuta. Ma'auni uku yanzu. Bayan awa ɗaya: 163, 166, 160. Na gwada da guntaye uku a wurare uku, duk suka yi laushi tare a minti 18.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Kafin mu kunna wuta sai da muka yi atisaye sau biyar da samfurin filawud: buɗe ƙofa, jawo faifai, kowa ya kama gefensa, taku uku, tsakiya ta fara sauka a kan layin da na zana, sannan fikafikan. Ƙanena yana dariya, ya ce kamar masu koyon faretin sojoji.

Minti 20 a 165. Na ɗaga kusurwa, ta naɗo kamar tabarmar roba. Muka ɗauko, taku uku, ta kwanta a kan doro da kanta, babu dannawa. Muka ɗora siraran katakai masu filanel a kan rarar gefe kawai muka matse da sauƙi, muka lulluɓe da bargo biyu don kada fuskar waje ta riga ta ciki hucewa. Awa uku ban taɓa ba, ko da yake na je na tsaya a kanta ya fi sau goma.

Ta fito garau. Na ɗaga ta ina kallon layin rufin makwabta ta ciki, bai karye ba, bai yi rawa ba, sai ɗan kaɗan a kusurwar dama.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na ɗora samfuri, na zana, na yanke rara. Na gwada a firam sau shida ina ragewa da magagari. Ta shige cif, ko takarda ba za ta wuce ba, ni kuma a lokacin alfahari nake da hakan.

Bakin dirila na ƙarfe yana cafkar akirilik ya fasa ta, don haka na dakushe kaifinsa a dutse ya zama kankara yake yi, na tsananta tsininsa. Katako a baya, gudu kaɗan, ɗigon ruwa. Ramuka 22, babu wanda ya fashe. Sukurorin milimita 4 ne, na huda 4.

Gefen sama na sandunan gefe akwai wajen da bakin robar yake fitowa fili, kamar tsawon yatsa. Fari ne, ya dushe, ya tsaya min a rai. Na ɗauko ƙaramar tocilan gas mai fitar da harshen wuta na bi shi sau ɗaya. Ya yi kyau har na bi sauran gefen gaba ɗaya.

Sai na ga sauran gam na salatif a kusa da baki. Na jiƙa tsumma da sifirit na goge. Ban kai ga ajiye tsumman ba na ji wani ɗan sauti, kamar ana taka busasshiyar ciyawa daga nesa. Gefen da na bi da wuta ya cika da 'yan tsage-tsage masu ƙyalli, gajeru, jere kamar haƙoran mashaci, zurfin milimita 3 zuwa 4. Wuta ta narkar da fatar waje ta huce a ɗame, sifirit ya zo ya sake ta.

Na daɗe a tsaye. Daga baya na ce ai firam zai rufe. Na ɗaura, na ɗaure sukurori 22 tamau da sukundireba har sai da na ji sun tsaya. Jirgin ya yi kyau ƙwarai da yamman nan. Na ɗauki hotuna da yawa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Jiya jirgin ya yini a rana a kan tirela, dare kuma ya yi sanyi. Da safe na fito da kofi a hannu na tarar da tsaga, daga rami na uku a hagu, ta haura santimita 14 ta nufi sama. Wata ƙarama tana fitowa daga rami na huɗu.

Na je na ɗauko tsohuwar robar da ke jingine, na ajiye su gefe da gefe. Rami na uku a hagu. Hanya ɗaya suka bi, har karkatar.

Da dare na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar 4 ga Oktoba. Akirilik tana miƙewa kusan milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Alminiyum 0.023. Tsakanin sanyin asuba da robar da ta yini a rana a sami digiri 40 ba abin mamaki ba ne. A tsawon mita 1.9, robar za ta motsa fiye da milimita 5, firam ɗin bai kai 2 ba. Bambancin milimita uku da rabi dole ya sami wajen zuwa. Ni kuma na cusa ta cif a firam, na kafe ta da ƙarfe 22 a ramukan da babu sarari, a kan gefen da na riga na jera mata wuraren farawa. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ban koma wajen dattijon da wannan guntun ba. Kunya.

Asara zuwa yau: faifai guda cur, sati biyu. Na yi odar na biyu.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Faifai ya iso. Kafin gashi na gyara kusurwar dama ta doro inda layi ya yi rawa, ashe kan ƙusa ne ya ɗan taso a ƙarƙashin filanel. Sabon yadi. Gashi na uku, minti 20, atisaye sau biyu kawai. Ta fito ta fi ta biyu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Yanka da gyaran baki, wannan karon na rage milimita 3 ko'ina daga layin samfuri don ta sami wajen motsi a cikin ramin firam. Magagari, sannan sanfefa mai lamba 120, 220, 400, ta ƙarshen da ruwa. Na kashe kaifin bakin ta fuska biyu. Wajen da ke fitowa fili na ci gaba har 1200 na goge da man goge roba da tsumma mai laushi. Minti 40 ya ci, ya yi sheƙi daidai da na wuta.

Na rage ramuka daga 22 zuwa 12. Ramin firam ɗin da kansa yana riƙe robar, sukurori hana ta fita kawai za su yi. Kowane rami milimita 8 ga sukuru mai 4, babu wanda tsakiyarsa ta matso baki ƙasa da milimita 15, sai da na sake huda firam a wuri huɗu saboda haka. Na kankare bakin kowane rami da hannu har ya yi sumul.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na mayar da ita tanda, a tsaye a kan gindinta, a digiri 80. Wannan zafin bai isa ya sake mata siffa ba, sai ta haura 100 take fara laushi, amma yana sassauta ɗamewar da zarto da dirila suka bari a jikinta. Awa biyar, sannan na riƙa rage wuta kaɗan-kaɗan, na kashe na bar ƙofa a rufe har safe. Babu abin da ido zai gani ya canza. Na gwada da guntaye biyu daga rarar da na yanke, ɗaya ya shiga tanda tare da ita, ɗaya bai shiga ba, na bi bakin dukansu da wuta tun kafin nan. Na ɗiga musu sifirit. Wanda bai shiga ba ya tsattsage nan take, ɗayan ko gezau.

Na kwashe sifirit, tina da ruwan goge taga mai amoniya daga wajen aikin na kai ɗaki. Ruwan sabulu kaɗai ya rage.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ɗaurawa. Firam ya sha goga ya yi haske. Sabuwar robar gefe a cikin ramin firam, siririn gam ɗin butil tsakanin firam ɗin ƙasa da doron jirgi, shi ba ya bushewa, yana bin motsi. Sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316, na shafa wa kowanne man da ke raba shi da alminiyum don kada wanda zai kwance bayana ya sha abin da na sha. A cikin kowane rami na zura guntun bututun roba, sukuru ya bi ta cikinsa, washar roba gaba da baya. Na fara daga tsakiya ina fita gefe, hagu ɗaya dama ɗaya. Ina ɗaurewa har washa ta taɓa, in ƙara kwata, in tsaya. Hannuna yana ƙaiƙayin ƙarawa. Ƙanena ya karɓe sukundireban ya sa a aljihu.

Na dafa gilashin da tafin hannu na tura gefe, yana ɗan motsawa, kamar kaurin farce. Na manna salatif a firam da wani a roba, na ja layi ɗaya ya ratsa su, a ƙarshen hagu.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Asuba layukan suna daidai. Ƙarfe biyu na rana na roba ya wuce na firam da milimita ɗaya da wani abu. Magariba ya dawo.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mun sa shi a ruwa. Awa biyu, rabin ciki da gudu, mun tsallaka igiyar wani babban jirgi sau uku da gangan don firam ya jijjigu. Babu tsaga. Ruwa yana ɗan shigowa ta kusurwar dama ta ƙasa, inda butil bai cika ba, ɗigo-ɗigo a kan gwiwar wanda ke zaune a nan. Sandar gefen hagu tana ƙara idan an rage gudu, ina jin noti ne bai zauna ba.

Na biya wajen dattijon a hanyar dawowa, jirgin yana kan tirela. Ya fito ya zagaya shi, ya sa babban yatsa ya tura gilashin gefe, ya ji ya motsa. Ya dubi ramukan. "Nawa ka fasa kafin wannan?" Na ce biyu. Ya ce shi huɗu ya fasa a nasa na farko, kuma allon kanti ne, ba ya zuwa ko'ina.

Jimillar abin da ya tafi: faifan akirilik biyu, filawud uku, filanel yadi shida, kwanon rufi huɗu, sati takwas. Rabin faifai ya rage, doro da tanda suna nan, zan gasa na ajiya kafin in wargaza su. Sati mai zuwa: cire firam ɗin ƙasa ta dama a ƙara butil, notin sandar hagu, da ɗinka rigar da za ta rufe gilashin idan jirgin yana ajiye, mai filanel ta ciki.